Tsohon kwalin Zaku a Osaka: wata tara kafin ya tsaya da ƙafafunsa

Asalin lamarin

Lamarin na haɗa wani tsohon ɗan mutum-mutumin roba ne mai suna Zaku, mai shi kuma ɗalibi ne ɗan shekara 27 da ke karatun digiri na biyu a fannin injiniya a birnin Osaka na ƙasar Japan. Garinmu ɗaya da shi a gida, na riga shi zuwa da shekaru, shi ya sa yake ce mini Yaya. Mafi yawan abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi, sauran kuma na ɗauko daga ɗan littafin da yake rubuta ranaku da awon aikinsa.

Kafin wannan ya haɗa 'yan mutum-mutumin roba guda huɗu, irin waɗanda kamfanin Bandai ke yi ake kira Gunpla. Duka huɗun na zamani ne. Na zamani ba ruwansu da gam, ba ruwansu da fenti: kowane sashe da launinsa yake fitowa daga masana'anta, ka yanko shi daga jikin firam, wato sandunan robar da sassan ke zuwa manne da su, ka danna, ka ji ƙas, ya zauna. Cikin yamma ɗaya yakan gama guda, har ya fara ganin ya iya.

Tsofaffin ba haka suke ba. Shirin katun na talabijin mai suna Mobile Suit Gundam, wanda Yoshiyuki Tomino ya jagoranta, Kunio Okawara kuma ya zana na'urorin yaƙin cikinsa, an nuna shi daga Afrilun 1979 zuwa Janairun 1980, kashi 43. A Yulin 1980 Bandai ya fitar da kwalin haɗi na farko na na'urorin shirin a kan yen 300. Zaku, na'urar sojojin abokan gaba, kore mai ido ɗaya, da garkuwa a kafaɗar dama da ƙayoyi a ta hagu, kwalinsa ya fito a Janairun 1981, shi ma yen 300. Ma'auninsa 1/144 ne, wato abin da labarin ya ce tsayinsa mita 17.5 ya dawo ɗan sama da santimita 12. Launi ɗaya aka zuba robar, kore tun daga kai har tafin ƙafa. Kowane hannu da kowace ƙafa ɓari biyu ne kamar an raba ƙwarya, sai an manne su da gam, sai kuma an shafa fenti. Japanawa na kiran wannan zuriya kyu kitto, tsofaffin kwalaye.

Irin wannan ya samo a farkon Fabrairun 2023, a wani shagon kayan hannu da ke unguwar Nipponbashi. Abin da ya ja hankalinsa tambarin da ke jikin kwalin ne: hoton ɗan yaro ya ɗaga hannuwa sama, wanda Bandai ya bari a 1983 ya koma jan tambari, tun 2018 kuma kayan haɗinsa shuɗin tambari suke ɗauke da shi. Ke nan kwalin ya kai shekara arba'in. Kusurwa ɗaya ta lotse kamar an daɗe da ɗora masa kaya, gefe ɗaya rana ta koɗe shi. A ciki ledar ba a taɓa buɗe ta ba. Akwai takardar bayani, da wani ɗan ƙunshin gam da ya bushe ya koma kamar ƙaro.

Fabrairu 2023: daren farko

Ya buɗe ledar da niyyar gamawa kafin ya kwanta. Da abin yanke farce ya riƙa cire sassan, wasu ma murɗe su ya yi da hannu. Duk inda sashe ya rabu da firam, wurin da zan kira cibiya, sai ya bar farin tabo, a wuri uku kuma robar ta ɓantare ta bar rami.

Ya haɗa ɓarin cinya biyu ya danna. Bai ji ƙas ba. Yana sakin hannu suka rabu. Haƙoran da ke ciki ƙanana ne, aikinsu su nuna wa ɓari mazauninsa kawai, ba su riƙe komai. Gam ɗin kwalin ya mutu, sai ya ɗauko sufa gulu daga aljihun tebur ya manne hannun hagu da shi.

Washegari abu biyu suka bayyana. Farin hazo ya kewaye duk layin da ya manne a hannun hagu. Sannan gam ɗin ya zurara cikin gwiwar hannun ya daskare ta. Ya sa ƙarfi zai lanƙwasa, turken da gaɓar ke juyawa a kansa ya karye. A ranar ya lura cewa garkuwar kafaɗa ma a karkace take, in ya kwantar da ita a kan tebur gefe ɗaya na tashi da kusan milimita 2.

Maris: gam na biyu, da fentin da ya ci roba

Ya yi tambaya, ya sayo gam ɗin da aka yi musamman don irin wannan roba. Shi wannan ba liƙe abu biyu yake yi ba, narkar da fuskokin yake su cuɗu su koma abu ɗaya, kamar walda. Ya manne ɓarin ƙafafu biyu da na gangar jiki da na kai a ranar 4 ga Maris. Da safiyar 5 ga wata ya taɓa ya ji da tauri, ya goge layukan da samfefa lamba 400 sannan 600, har suka ɓace. Na gani da idona, ko da farce ka bi wurin ba ka jin komai. Ɗakinsa a lokacin da dare sanyi na sauka wajen digiri 10.

Fenti kuma ya sayo gwangwanin feshi kore a shagon kayan gini, irin na ƙofar ƙarfe. Ya fita baranda ya fesa wa gangar jiki da ƙafar dama shafi ɗaya mai kauri, kai tsaye a kan robar. Kafin minti goma fuskar ta yamutse ta yi ƙuraje kamar ɓawon lemo. Hankalinsa ya tashi, ya tsoma tsumma a tina mai ƙarfi zai wanke. Fentin ya fita, ƙurajen suka zauna, domin robar ce kanta ta narke. Ramin da hannun dama ke shiga a kafaɗa ya tsage.

Ƙafar hagu da kai ya shafa musu fentin ruwa da buroshi, wannan bai ci robar ba. Amma bayan kwana goma sha biyu sai ga layin haɗin da ya goge ya dawo, siriri, a lotse, daga ƙugu har gwiwa, fentin ma ya ƙara fito da shi.

A daren ya zo wurina da kwalin a hannu. "Yaya, robar nan ta mutu," ya ce. "Shekara arba'in ba wasa ba. Duk inda na taɓa sai ta karye ko ta narke." Ni ma a lokacin hakan na ɗauka.

Azumi: hannun da aka manta

Saura hannun dama kaɗai bai taɓa ba. A ranar 21 ga Maris ya shafa masa gam ya ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi, don dai kada a ce bai ƙarasa ba. Azumi ya kama a 23 ga wata, ga karatu ga tarawihi, ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Sai bayan Sallah, a ƙarshen Afrilu, ya zaro shi. Ya goge hannun, ya shafa masa wancan fentin ruwan, ya ajiye yana jiran layi ya fito. Mako biyu, mako uku, shiru. Roba ɗaya, gam ɗaya, fenti ɗaya. Ya rubuta a littafinsa cewa bambancin da yake gani shi ne ƙafar dare ɗaya ta samu, hannun ya samu sama da wata guda.

Mayu: gwaji da sabon kwali

Akwai wani ƙaramin shagon kayan haɗi kusa da tashar jirgin da yake hawa, mai shi magidanci ne ɗan hamsin da 'yan kai. Yana firamare lokacin da yaran Japan suka haukace a kan waɗannan kwalaye, zamanin da ake bin layi tun asuba, har a Janairun 1982 yara suka ji raunuka a turmutsutsu kan matakala mai tafiya a wani babban kanti da ke Matsudo a yankin Chiba. Ɗalibin ya baje masa sassan a kan kanta ya ce, "Tencho-san, tsufa ne ya kashe robar?" Haka ake kiran mai shago a can cikin girmamawa. Mutumin ya juya su ɗaya bayan ɗaya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi ya nemo sabon zubi na wannan Zakun, ya yi masa duk abin da ya yi wa tsohon, sannan ya dawo.

Wannan mai yiwuwa ne domin Bandai bai jefar da ƙarafan zubin 1981 ba, yana sake zubawa lokaci zuwa lokaci, kuma a 2023 farashin na nan yen 300, da haraji 330. Samu ne ke da wuya, don tun zamanin korona kayan suka yi ƙaranci. Ya yi mako biyu yana zagaye kafin ya sami guda biyu masu shuɗin tambari. Ɗaya ya ware don gwaji.

Ya murɗe sashe da hannu, farin tabo ya fito. Ya ɗiga sufa gulu, hazo ya fito. Ya fesa fentin ƙofar ƙarfe mai kauri, sabuwar robar ta yi ƙuraje kamar tsohuwar. Ya shafa tina a ramin da ya cusa wa turke da ƙarfi, washegari ya tarar da tsaga. Ya yanko sanda daga tsohon firam da sabo masu kauri ɗaya ya lanƙwasa, dukansu suka yi fari kafin su karye, da hannu bai iya rarrabe wadda ta fi ƙarfi ba.

Gwajin layin haɗi shi ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi amfani. Ya manne ɓari huɗu rana ɗaya, ya goge na farko bayan kwana ɗaya, na biyu bayan uku, na uku bayan bakwai, na huɗu bayan goma sha huɗu. Kowanne ya fesa masa fentin shimfiɗa mai launin toka ya jira mako uku. Na kwana ɗaya layinsa ya dawo sarai. Na kwana uku sai ka karkata shi a gaban fitila kake gani. Na bakwai da na sha huɗu babu komai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan da ke cikin gam ɗin shi ke narkar da roba, kuma ba ya gama fita da wuri. Sama takan bushe ta yi tauri cikin sa'o'i, ciki yana nan da laushi. In ka goge a lokacin, ka daidaita fuskar da abin da bai gama motsewa ba. Ruwan na ci gaba da fita, robar da ke layin na ƙanƙancewa, sai fuskar ta bi ta ta lotsa. Sanyi na ƙara jinkirta abin, shi kuwa a ɗaki mai sanyi ya yi nasa.

Da ya koma da sakamakon, mai shagon ya nuna masa yadda ake yi. Ya shafa gam a bakin ɓari biyu, ya jira kamar rabin minti, ya sake shafawa, ya haɗa ya matse da yatsu. Narkakkiyar koriyar roba ta tsattsafo a tsawon layin, 'yan ƙwayoyi jere kamar tsakiya. Ya ce kada ya share ta, ita ce za ta cike gurbin, bayan mako guda a kankare ta da wuƙa a bi da samfefa. Awaseme keshi suke kiran wannan aiki, ɓatar da layin haɗi.

Yuni zuwa Yuli: gyara, sai kuma damina

Ya koma kan tsohon. Turken gwiwar hannun hagu ya huda masa rami mai faɗin milimita 1 a kowane ɓangare, zurfin milimita 3, ya zura wayar tagulla. Sai da ya tsaga layin sufa gulun da bakin wuƙa ya kankare shi tas kafin gam mai narkarwa ya kama. Tsagar kafaɗa ya ɗiga mata gam mai ruwa ya matse, ya liƙa ɗan yankin roba ta ciki. Ramukan cibiya da layin ƙafar hagu ya cike su da foti. Ƙurajen gangar jiki ba su da magani sai samfefa: 400, 600, 1000, kwana huɗu yana yi, da takardar a naɗe jikin tsinken cin abinci don kada ya cinye kusurwoyi.

Garkuwar ya fara gwada zafin ruwa a kan guntun firam. Tafasasshe ya nannaɗe shi nan take. A digiri 70 ya yi laushi kaɗan bai lalace ba. Ya tsoma garkuwar daƙiƙa talatin, ya danne ta a kan gilashi, ya jefa a ruwan sanyi. A karo na uku ta miƙe.

Wahalar fenti a irin wannan kwali ita ce gaɓoɓin a tsakanin ɓari biyu suke matse, in ka manne ba sa fita. Zaku kuma launi uku yake so: kore mai haske a kai da hannuwa da ƙafafu, kore mai duhu a gangar jiki, baƙi-baƙi a ƙirji da gwiwoyi da tafin ƙafa. Da yake ya riga ya manne, salatif ɗin takarda ya yanka ƙanana ya riƙa rufe wani wuri yana fesa wani. Wannan karon da fentin shimfiɗa ya fara, na kayan haɗi, daga nisan santimita 25, sau uku sama-sama, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Robar ba ta motsa ba.

A ranar 2 ga Yuli komai ya gama sai fentin rufi marar sheƙi. Damina ce a Osaka, an kwana ana ruwa, ma'aunin laima da ke barandarsa ya haura kashi 80. Ya fesa. Yana kallo koren ya koma fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ruwan fentin na tashi yana sanyaya fuskar, raɓa ta sauka ta maƙale a cikin shafin. Wannan karon bai taɓa tina ba. Ya ajiye shi a kwali ya rufe.

Satumba zuwa Oktoba: ƙarshen aiki

Ya jira har iska ta bushe. A ƙarshen Satumba, ranar da ma'aunin ya nuna kashi 55, ya fesa fentin rufi mai sheƙi sama-sama. Sabon shafin ya ɗan narkar da na ƙasa, farin ya ɓace. Bayan kwana uku ya mayar da marar sheƙi.

Saura tsayuwa. A wannan kwali idon sawu ba ya motsi, tafin ƙafa da ƙwauri abu ɗaya ne, saboda haka in ka ware ƙafafun sai ya tsaya a gefen tafinsa ya faɗi. Gaɓoɓin ƙugu kuma roba ce ke goga roba, sun saki. Ya shafa wa turakun sufa gulu siriri, ya bari ya bushe sarai kafin ya motsa su, suka ƙara kauri suka kama. Ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi ya goga tafin ƙafafun biyu tare har suka kwanta.

Na biyun sabbin kwalayen ya haɗa shi a gefe cikin mako uku, kuma a kansa ya yi tiyata: ya yanke tafin ƙafa da siririn zarto ya sa gaɓa mai dunƙule irin ta zamani. Tsohon bai yanka shi ba. A ranar 28 ga Oktoba ya tsoma bakin tsinken sakace a fenti ruwan hoda, ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyar baƙin layin fuska, idon ya buɗe.

Abin da lamarin ya nuna

Matsaloli bakwai ya rubuta: farin tabon cibiya, hazon sufa gulu da karayar da ya jawo, ƙurajen fenti, tsagar kafaɗa, layin da ya dawo, farin damina, da karkatar garkuwa. Biyar na farko ya maimaita su a kan robar da ba ta daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Na shida iska ce. Garkuwa kaɗai za a iya danganta wa shekarun kwalin, ita ma nauyin da aka ɗora masa ne ya fi kama da sanadi, ganin kusurwar da ta lotse. Hasken rana ne babban abokin gabar irin wannan roba, ita kuwa tasa a duhun kwali ta yi zamanta. Ni da shi mun yi kuskure da muka ɗora wa tsufa laifi.

Abin da ya kai shi ƙasa shi ne ya shigo wa kwalin 1981 da hannun da ya saba da na yanzu. Dabarar dannawa ba gam, da zuba launuka da yawa a firam ɗaya, da gaɓoɓi masu laushi, duk a cikin shekarun 1980 suka shigo a hankali, bayan wannan Zakun. Wanda ya tsara shi ya ɗauka mai saye zai manne, ya jira, ya goge, ya yi fenti. Abin da ya cece aikin kuwa gwajin yen 330 ne, domin shi ya raba laifin hannu da laifin roba, kuma da shi aka fara a Fabrairu da ba a karya turke ko ɗaya ba. Wannan na ƙona mini rai, don kwali mai tsohon tambari da ledarsa a rufe ba ya dawowa in an buɗe, kuma bai kamata a koyi aiki a kansa ba.

A kan kwalin kansa, in motsi kake so ba za ka samu ba: hannuwa na juyawa, gwiwoyi na ɗan lanƙwasa, shi ke nan. Mai neman abin da zai gama a yamma ɗaya ya sayi na zamani. Amma siffarsa ta fi kusa da Zakun da aka zana a talabijin, dunƙulalle, mai faɗin ƙwauri, ba tarkacen layuka, kuma bayan an ɓatar da haɗin, santsin cinyar nan da na kai na da wani kyau da ban gani a na zamani da ke kusa da shi ba. Na ga dacewar barinsa da ƙafarsa ta asali. Da na jera su, wanda aka yi wa tiyata ya fi iya tsayuwa, tsohon kuma idona ya fi komawa kansa.

Duka biyun suna kan kanta a ɗakinsa, nesa da taga. Gwiwar hannun hagu na tsohon na motsi a kan wayarta. A bayansa, ƙarƙashin inda bututu ke shiga, akwai wuri kamar faɗin ƙwayar gero da samfefa ba ta kai ba, ƙurajen fentin Maris na nan a ƙarƙashin koren.